Ƙafafun Jirgin Tica Mumuni

Ina cikin rami ƙarƙashin wata trotro, ƙaramar motar haya mai jigilar unguwar Madina a nan birnin Ankara, ina fama da tayarod, ƙarfen da ke juya taya, da ya ƙi kwancewa, sai wani mutum ya tsaya a bakin ramin ya yi sallama. Na amsa daga ƙasa, na ce ya ɗan jira ni. Da na fito sai na ga dattijo ne siriri mai tabarau, ya rungumo buhun shinkafa da wani abu dogo a ciki. Ya ce sunansa Mumuni, amma duk unguwar Maamobi Tica ake ce masa, don ya koyar da aikin ƙarfe a makarantar sana'a har ya yi ritaya. An gaya masa in dai maganar ƙafar mota ce, ya tambayi Masta Sule a unguwar Nima, wato ni.

Ya zazzage buhun. Bututun ƙarfe ne guda biyu aka haɗa da walda kamar almakashi a buɗe, a ƙarshensu an liƙa guntun ƙarfen da taya ke shiga. Na ɗaga, na ji ba nauyi. Na juya shi gaba da baya. A lokacin na haura shekara ashirin a wannan aiki, ban taɓa ganin irinsa ba.

"Tica, wace mota ce wannan?"

"Ba mota ba ce, Masta. Ƙafar jirgin sama ce. Ni nake ƙera shi a gida."

Direban trotro ɗin yana kan benci yana cin wake da shinkafa a ganye, dariya ta sa ya ƙware har sai da aka ba shi ruwa. Tica ko kallonsa bai yi ba. Ya ce da ni, "Fiffike na iya, gangar jiki na iya, inji ma na samu mai duba mini. Ƙafa ce ban yarda da hannuna a kai ba. Ina neman wanda ya san yadda taya ke taka ƙasa."

Ku samari da kuke aiki yanzu a shagunan da ke da kwamfuta, kuna maƙala wa taya madubi, kuna juya noti har jan da ke allo ya koma kore, na ji kuna cewa saitin ƙafa aikin rabin awa ne, ko yaro ya iya. Ban ƙi na'urarku ba. Amma an cusa mata sunayen motoci ne, abin da aka gaya mata shi take gaya muku. Ranar da aka ajiye muku ƙafar da babu sunanta a ciki, ranar ce za a san wanda ya koyi aiki. Ni an taɓa ajiye mini, kuma na faɗi kafin na tashi. Shi ne nake so ku ji.

A Tudu na koyi aiki, bayan tashar manyan motoci, wurin wani Bakotokoli da ake kira Baba Alasan. Shekara bakwai na yi. Biyun farko ban taɓa sifana ba sai in miƙa masa. Aikina wanke noti da kananzir da ɗaukar sifirin ɗin lori a kafaɗa zuwa wurin maƙera a buga masa lanƙwasa. A shekara ta uku ya fara koya mini karanta taya. Yakan ɗaure mini ido da tsumma, ya ɗora tafin hannuna kan tsohuwar taya, ya ce in shafa daga ciki zuwa waje, in sake shafowa. In wani gefe ya yi santsi wani ya yi kaifi kamar haƙorin zarto, to bakin tayoyin ya haɗe ko ya buɗe fiye da kima. In gefe ɗaya kawai ya cinye, tayar ta kwanta ne. In ta cinye rami-rami, shokazoba ta mutu. Ba ya maimaita magana. In ka kuskure sai ya ɗauke hannunka ya ajiye wata tayar, har ka gane.

Kayan aikin da na fita da su daga hannunsa ba su cika akwati ba. Igiya mai ƙarfi, alli, tef ɗin awo, ƙarfen kwana guda biyu masu tsawon kamu uku da ya tabbatar a miƙe suke, lebur irin ta magina, da ɗan dalma mai tsini da ake ratayawa a igiya. Sai faranti huɗu na ƙarfe. Ana shafa giris tsakanin biyu, a ɗora taya a kai, don ta zame ta zauna inda take so ba inda ƙasa ta riƙe ta ba. Da waɗannan na buɗe wurina a Nima, da su na ciyar da gida.

Washegarin zuwan Tica na bi shi Maamobi. Muka tsallaka babbar kwata, muka shiga lungun da mutum biyu ba sa jerawa. Shi kaɗai yake zaune. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana Turai da mijinta. Ɗakin da ya kamata ya zama falo babu kujera ko ɗaya. Fukafukai biyu suna rataye a rufi an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, gangar jirgin kuma ta miƙe daga falon ta ratsa ƙofa, wutsiyarta tana tsakar gida kusa da randar ruwa. Zanen jirgin ya manna a bango, takardun sun yi ja don tsufa. Ya ce ta gidan waya ya yi odarsu, shekara tara ke nan yana bi layi-layi. Jirgin mutum biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya. Manyan tayoyi biyu a gaba, ƙarama guda a ƙarƙashin wutsiya. Na tambaye shi ta ina zai fita da shi. Ya nuna mini bangon da zai fasa.

Ya kuwa fasa. Aka ɗauki jirgin gunduwa-gunduwa a kai har bakin titi, yara suna binmu, aka loda a mota aka kai wani fili can bayan gari ta gabas, inda wani mai gona yake da doguwar hanya a share da rumfar kwano mai daɓen siminti. Daga Nima trotro biyu nake shiga, sannan in taka rabin awa. Ranar Lahadi kawai nake zuwa. Galibi ni kaɗai nake wuni a rumfar, don Tica yana gari wajen neman kayan inji. Ba kowa sai iska tana buga kwano, sai shanun Fulani da ke wucewa nesa. Mutumin da ya saba da hayaniyar Nima, shirun wurin har kunne yake toshe masa. In azahar ta yi sai in yi alwala da ruwan gorata, in shimfiɗa kwali ƙarƙashin fiffike in yi salla.

Aikin farko shi ne robar. Irin wannan jirgi ba shi da sifirin ba shi da shokazoba. Ƙafafun suna lilo ne a jikin fil, abin da ke riƙe su igiyar roba ce da ake naɗawa a ƙarƙashin ciki. Ita ke shanye dukan ƙasa lokacin sauka. Tica ya sayo irin wadda 'yan kasuwa ke ɗaure kaya a bayan babur, ya ninka ta da yawa. Na ja ta da hannu, na sake, na ga ba ta komawa daidai inda take. Na ce ban sa wannan ba. Ta gaskiyar siraran robobi ne masu yawa a cikin saƙaƙƙen zare, kuma dole naɗin hagu da na dama su zo daidai da ƙarfi ɗaya, in ba haka ba jirgin zai tsaya a karkace kamar mai ciwon ƙugu. Wata huɗu muka jira 'yarsa ta aiko. Da ta iso na naɗa, na sa wayar ƙarfe a bayanta don ko ta tsinke ƙafar ba za ta baje ba. Muka ɗora buhunan siminti a kujeru daidai nauyin mutum biyu, muka ɗaga jirgin da sarƙa kamar kamu ɗaya daga ƙasa, muka sake shi. Ya faɗo, ya yi tsalle sau ɗaya, ya zauna daram. Tica ya tafa mini. Wannan nasara ita ta kumbura mini kai.

Sai saitin tayoyi. Na rataya dalma daga tsakiyar hanci, na rataya daga tsakiyar wutsiya, na ɗiga alli inda kowanne ya nuna, na ja layi ɗaya a daɓe. Wannan layi shi ne gaskiyar jirgin, komai daga shi ake aunawa. Na ɗora tayoyin kan faranti mai giris, na ɗaure ƙarfen kwana a jikin kowace taya, na auna daga gabansa zuwa layi, na auna daga bayansa. Sannan na yi abin da nake yi wa kowace trotro tun ina Tudu. Na ba tayoyin ɗan haɗin baki, gabansu ya dubi juna kaɗan.

Tica ya duƙa ya duba tef ɗin. Ya ce, "Masta, takarda ta ce su tsaya a miƙe."

Na ce, "Tica, takarda ba ta taɓa tuƙi ba. In abu ya fara gudu, ƙasa tana buɗe masa ƙafa. In ka haɗe su kaɗan, gudu zai miƙar da su. Haka ake yi."

Ya gyara tabarau. Ya ce, "To, kai ne mai aikin."

Ranar gwaji da safe ne, ba za a tashi sama ba, gudu kawai za a yi a ƙasa. Tica da kansa ya shiga, don ya ɗan koyi tuƙi shekarun baya. Ya je ƙarshen hanya ya dawo a hankali sau biyu, lafiya lau. Na uku ya ƙara wuta. Ina tsaye a gefe na ga wutsiya ta ɗaga, tayoyin gaba kaɗai ke ƙasa. Sai hancin ya ɗan karkata hagu, kaɗan ne, irin abin da iska ke yi. Maimakon ya dawo sai karkatar ta ƙaru. Kafin in ɗaga ƙafa jirgin ya juya kamar an riƙe shi a hanci an wulwula wutsiyar. Ƙafar dama ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, fiffike ya daki ƙasa, farfela ta tarwatse. Da na isa, Tica yana ciki ido buɗe, yana ta ƙoƙarin kashe makunnin da ya riga ya kashe. Ƙugunsa ya karye. Ni da mai gonar muka ciro shi, muka kwantar a bayan motar ɗaukar masara zuwa asibiti.

Da muka dawo da motar na koma na duba sawun tayoyin a ƙasa. Na bi shi taku-taku. Sawun dama ya yi zurfi, ya kankare ƙasa yana lanƙwasawa ciki. Hannun da Baba Alasan ya koya wa karatu bai buƙaci a fassara masa ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin, ku riƙe shi. Mota nauyinta yana tsakanin tayoyi huɗu. Wannan jirgi nauyinsa yana bayan manyan tayoyinsa, don haka kullum wutsiya neman wuce hanci take yi, kamar ka tura baro da gudu. In ya ɗan kauce hagu, nauyi yana komawa kan tayar dama. In wannan tayar bakinta yana duban ciki, to hagu take nunawa, sai ta ƙara tura shi inda ya fara kaucewa. Ƙarin kaucewa, ƙarin nauyi a kanta, ƙarin turi. Abin da ke daidaita trotro shi ke kayar da jirgi. Kuma bambancin bai fi kaurin tsinken ashana biyu a tef ba.

Wannan shekara ita ce mafi muni a aikina. Labari ya riga ni isowa Nima. A bakin masallaci, a wurin mai koko, a tasha, magana ɗaya ce, Masta Sule ya bar gyaran mota ya koma ƙera jirgi, ya kusa kashe Tican Maamobi. Wasu dariya suke yi, wasu da gaske suke. Direba ba ya kai motar da ke ɗaukar rai goma sha biyar wurin mutumin da ake cewa hannunsa ya karya wani. A cikin watannin nan kuma aka buɗe shagon farko mai kwamfuta a babban titi. Direbobin da na yi shekara goma ina gyara musu suka riƙa wucewa ta gaban garejina suna duban wani gefe. Masu koyon aiki uku da nake da su suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ban tsayar da kowa ba. Ruwan sama ya cika ramin, ban kwashe ba, don babu motar da za ta hau. Nakan buɗe da safe, in share, in zauna kan benci har la'asar, in rufe.

Sati uku ban koma asibiti ba. Kullum sai in ce gobe. Ranar da na je na same shi an rataye masa ƙafa da igiya da nauyi, shi kaɗai a lungun ɗakin, babu ko kwanon abinci na gida a gefensa. Na gaishe shi, na yi masa sannu, na tsaya.

Na ce, "Tica, ba iska ba ce. Ba kuma tuƙinka ba ne. Saitina ne. Ka gaya mini abin da takarda ta ce na ƙi ji."

Ya ce, "Na sani. Ina kwance nan na zana shi a kaina har na gane."

"To me ya sa ba ka aika an kira ni ba?"

"Na ce in kai ne mutumin da aka kwatanta mini, za ka zo da ƙafarka. Zauna, Masta, tsayuwarka tana sa wuyana ciwo."

Na zauna. Na ce in ya warke ya nemi wani ya yi masa ƙafafun, ni na haƙura.

Ya ce, "Wa zan nema? Duk Ankara yanzu mutum ɗaya ne ya ga abin da haɗin baki ke yi wa jirgi da idonsa. In na kawo sabo, shi ma sai ya karya mini ɗaya ƙugun kafin ya koya."

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro wani littafin Turanci mai hotuna. Ni Turancina na tasha ne, bai kai karatun littafi ba. Daga ranar, kowace Juma'a bayan masallaci nakan je, shi ya karanta ya juya mini da Hausa, ni in gaya masa abin da ƙarfe zai yarda da wanda ba zai yarda ba. Ina da shekara arba'in da biyar na koma ɗan koyo.

Sai da shekara ta zagayo ya taka da sanda. Ya gyara fiffike, ya sassaƙa sabuwar farfela, ni na ɗauki ƙafafu. A nan na koyi cewa walda tana jan ƙarfe. Ka saita komai daidai, ka yi walda, ya huce, ka auna ka ga ya gudu. Sai na ƙera madauri na ƙarfe mai kauri na ɗaure bututun a ciki, ina walda kaɗan a nan, in koma ɗaya gefen, in bari ya huce da kansa ba ruwa. Ɗan abin da ya rage na cike shi da siraran washa da na goge gefe ɗaya da fayil har suka yi kamar bakin gatari. Na auna da buhunan siminti a ciki, na auna babu su. Na auna wutsiya a ƙasa, na ɗora ta kan durom kamar lokacin gudu na sake aunawa, don tayar da ta miƙe a zaune tana iya haɗe baki in wutsiya ta tashi. Lahadi shida na yi a kan wannan kaɗai. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar tef. Ka tura jirgin gaba taku goma a daɓe, ka duba tsakanin tayoyin. In ƙafafun sun matso juna jirgin ya ɗan ƙara tsawo, baki a haɗe yake. In sun baje ya durƙusa, a buɗe yake. Na tura, na ja, na tura, tazarar ba ta motsa ba. Kowane noti na huda shi na sa masa fil, don girgiza ba ta san alƙawari ba.

Mutanen hukuma suka zo suka duba, takardu suka ɗauki lokacinsu. Tica ya san ƙafarsa ba za ta ƙara taka abin juya wutsiya da sauri ba, don haka ya nemo wani tsohon matuƙi, Kyaftin Mensa, wanda ya yi shekaru yana tuƙa ƙananan jirage. Gajere ne, ba ya yawan magana, ba ya jin Hausa sai gaisuwa. Ya zagaya jirgin bai dubi fenti ba. Ya durƙusa gaban tayoyin, ya kama fiffike ya girgiza, ya kalli yadda robar ke amsawa. Ya tambaya da Turanci wa ya yi ƙafafun. Tica ya nuna ni. Ya ce wa ya yi na farkon da suka karye. Tica ya sake nuna ni. Kyaftin ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Yoo," wato "to" a bakin mutanen nan, ya shiga.

Mutanen da suka taru ba su fi goma ba, duk sama suke kallo. Ni na tafi can inda zai sauka na tsuguna a ciyawa ni kaɗai, don tashi ba nawa ba ne. Ya yi zagaye uku. Da ya juyo ya rage wuta, na ga tayoyin suna rataye ba sa juyawa, ƙafafun sun ɗan matso juna don babu nauyi a kansu. Ya sauko, ya sauko. Ta dama ta riga taɓawa, ta hagu ta bi, robar ta buɗe ta karɓa, ba ta mayar da shi sama ba. Wutsiya ta sauka. Ya wuce ta gabana a miƙe kamar an ja shi da igiya. Da suka tafi rungumar Kyaftin, ni na bi sawun. Layi biyu ne siraru, babu kankara, babu lanƙwasa, tun daga inda ya taɓa har inda ya tsaya.

Sati biyu bayan haka Kyaftin ya ɗauki Tica a kujerar baya. Da suka sauka sai da muka ɗaga shi muka fito da shi, yana ta goge tabarau da gefen riga. Ya ce ya hango teku, ya nemi Maamobi bai gane ta ba, rufin kwano ne ko'ina. Suka ce in shiga. Na ce a'a, wani ya kamata ya tsaya ƙasa ya ga yadda ƙafa ke sauka. Har yau ban taɓa shiga jirgi ba.

Kyaftin ne ya kai sunana wurin wasu. A cikin shekarun da suka biyo na yi ƙafafun jirage uku. Ɗaya na wani likita, mai ƙafar farantin ƙarfe mai lanƙwasa kamar sifirin ɗin lori, wanda tayoyinsa ke cinyewa ta ciki don an saita shi babu kowa a kujera. Ɗaya mai taya a hanci, da ke kaɗa kai kamar keken kasuwa in ya sauka, ashe boris ne ya saki. Na uku ban bari ya tashi ba, don na ga tsaga a gindin walda, mai shi ya yi fushi ya kwashe kayansa. Wasu direbobi sun dawo garejina, ba duka ba. A Nima babu wanda zan yi wannan hira da shi. In na fara a majalisa sai wani ya ce, "Cale, abokina, Masta ya tashi sama," a yi dariya a koma maganar ƙwallo. Mutum biyu ne suka san abin da na iya. Kyaftin ya rasu da fari. Bayan shekara huɗu Tica ya bi shi, maƙwabta ne suka lura bai fito sallar asuba ba kwana biyu. Muka kai shi makwancinsa, ba mu da yawa.

'Yarsa ta zo bayan addu'ar bakwai. Mace ce mai hankali, ta gaishe ni har ƙasa, ta ce, "Baba, mahaifina ya sha ba ni labarinku a waya. Me zan yi da jirgin?" Masu sayen ƙarfe sun riga sun fara zagaye. Na ce kada ta bari a yanka shi. Ta ba wata makarantar sana'a a hanyar Madina kyauta, aka cire injin aka kai aji, aka ajiye gangar a tsakar makaranta ƙarƙashin bishiya.

Da na je dubawa na tarar sun ajiye shi kan tayoyinsa a ƙasa, iska ta fita, robar tana shan rana. Na koma da jak da katako, na ɗora shi kan bulo don ƙafafun su huta, na naɗe robar da tsumma. Tun daga nan nakan je sau biyu a shekara, in sa giris, in juya kowace taya da hannu don kada boris ya cije. Ɗalibai suna wucewa suna ɗaukar hoto a jikin fiffike. Babu wanda ya taɓa duƙawa ya dubi ƙasa.

Watan jiya na je na tarar an canza mai gadi. Saurayi ne, bai san ni ba. Na gaya masa ko ni wane ne tun daga farko. Ya ce sai da takarda daga ofis, ofis kuma a rufe yake, ana hutu. Na tsaya a bayan shingen waya ina hange. Wani ya zare bulon gefen dama, wataƙila don ya zauna a kai, jirgin ya karkata, duk nauyinsa yana kan ƙafa ɗaya.

Na ce, "Ɗana, ka ga wancan bulon da ke gindin bishiya? Ka samu mutum biyu su ɗaga fiffike, ka mayar da shi ƙarƙashi."

Ya ce, "Baba, zai sake tashi ne?"

Na ce, "A'a."

Ya dube ni, ya ce to zai gaya wa mutanen ofis, ya koma kan wayarsa. Na ɗan ƙara tsayawa da gwangwanin giris a hannu, sannan na tsallaka titi na jira trotro mai zuwa Nima. In an koma makaranta zan je da jak.